Brussels ko Strasbourg: a kan wanne zaka ɗora kundinka in haƙƙin tsiraru a Turai kake son nazari?

Duk ɗalibin da yace zai rubuta kundin digiri na biyu kan yadda ake kare haƙƙin tsiraru a Turai, wato ƙananan ƙabilu da masu ƙananan yaruka da mabiya addinan da basu da rinjaye, to akwai mararraba a gabansa tun kafin ya fara babi na ɗaya, kuma da yawa basa lura da ita sai sunyi nisa. Ƙungiyoyin biyu ne. Akwai Tarayyar Turai mai ƙasashe 27, hukumar zartarwarta na Brussels, kotunta na Luxembourg. Sannan akwai Majalisar Turai, wato Council of Europe, da aka kafa tun 1949, ita ƙasashe 46 gareta tun bayan da aka kori Rasha a watan Maris na 2022, kuma ita da kotunta ta haƙƙin ɗan Adam duk a Strasbourg suke. Tutarsu iri ɗaya ce, shuɗiya mai taurari 12, ga shi majalisar dokokin Tarayyar ma a Strasbourg take yin manyan zamanta, shi yasa ake ta cakuɗa su. Dan sauƙi, in nace Brussels Tarayyar nake nufi, in nace Strasbourg ɗayar nake nufi.

Mafi yawan ɗalibai Brussels suke fara hange, saboda ita ce ake ji kullum a rediyo, ita ke da kuɗi, ita ke da ƙarfi. Kuma a takarda kam akwai abun kamawa. Sashe na 2 na yarjejeniyar Tarayyar, tun da gyaran Lisbon ya fara aiki a Disamba 2009, ya ambaci haƙƙin mutanen da suka fito daga tsiraru a cikin ginshiƙan da aka kafa ta a kai. Kundin haƙƙoƙinta a sashe na 21 ya hana nuna wa mutum bambanci dan ya fito daga tsiraru, sashe na 22 yace za'a mutunta bambancin al'ada da addini da yare. To amma in ka zauna zaka rubuta sai ka tarar da sashe na 51 na wannan kundin dai yace ƙasashe basa ƙarƙashinsa sai a lokacin da suke aiwatar da dokar Tarayya, kuma harkar makarantu da yaren koyarwa da wa za'a amince da shi a matsayin tsiraru duk a hannun ƙasashe aka bar su. Kaga babu wata doka guda ta Brussels da zaka ɗauko kace ga dokar kare tsiraru nan.

Inda Brussels ke da haƙori sosai shi ne a bakin ƙofa. A taron Copenhagen na 1993 aka gindaya cewa duk ƙasar da ke son shiga sai ta nuna tana mutunta tsiraru tana kare su, kuma da wannan sharaɗin aka matsa wa ƙasashen gabashin Turai da suka shiga a 2004 da 2007, irin su Latbiya da Istoniya kan masu magana da Rashanci, Silobakiya da Romaniya kan 'yan asalin Hungari da 'yan Roma, wato wata ƙabila da ta bazu a ƙasashen Turai da dama, ba mutanen birnin Rum ba. Har yanzu ma haka ake yi, Ukraine sai da ta gyara dokarta ta tsiraru a Disamba 2023 dab da a amince a buɗe mata tattaunawar shiga, Masedoniya ta Arewa kuma an ce sai ta saka 'yan Bulgeriya a kundin tsarin mulkinta. Amma da zarar ƙasa ta shiga shikenan. Abun kamar binciken mai neman aure ne, kafin ɗaurin aure a bi asalinsa har kaka da kakanni, ana shafa fatiha kowa ya kama gabansa ba mai sake tambayar yadda zaman yake. Kuma tsofaffin 'yan ƙungiyar ba'a taɓa yi musu binciken ba ma. Faransa a hukumance bata yarda akwai tsiraru a cikinta ba, tace kowa ɗan ƙasa ne kawai, Girka kuma tsirarun musulmin yankin Thrace kaɗai ta amince da su, shima dan yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ce. Wannan giɓin, tsakanin abun da ake nema daga baƙo da abun da 'yan gida ke yi, shi ne babban abun nazari a ɓangaren Brussels, kuma gaskiya abun nazari ne mai daɗi in kai ɗan kimiyyar siyasa ne ko hulɗar ƙasa da ƙasa.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai wannan karatun ya sani. Ƙa'idar Tarayyar ta bai wa talakawa dama in suka tara sa hannu miliyan ɗaya daga aƙalla ƙasashe 7 su nemi hukumar Brussels ta kawo doka. Gamayyar ƙungiyoyin tsiraru ta FUEN ta ɗauko wannan hanyar da wani shiri mai suna Minority SafePack, a 2013 hukumar taƙi ko yi masa rajista, suka tafi kotu sukayi nasara a 2017, suka fita suka tara sa hannu sama da miliyan 1.1, majalisar dokokin Tarayyar ta mara musu baya a Disamba 2020, sai ga shi a Janairu 2021 hukumar tace babu wata sabuwar doka da zata kawo, abun da ake da shi ya isa. Suka sake komawa kotu, a 2022 aka kori ƙarar. Shekaru kusan goma na wahala fa. Ni wannan abun yana min ciwo, dan mutanen sun bi duk ƙa'idar da aka ce su bi. In kana son kundin da zai tambayi dalilin da yasa ƙungiya mai ƙarfi haka take nuƙu-nuƙu kan wannan batu, ga maudu'i nan a kammale, takardunsa duk suna intanet.

Kar kuma kace Brussels bata da komai a cikin gida. Tana da dokar hana wariyar launin fata da ƙabila ta shekarar 2000, kuma wannan dokar tana cizo. Dubi shari'ar CHEZ ta Yuli 2015. A garin Dupnitsa na Bulgeriya akwai wata unguwa da yawancin mazaunanta 'yan Roma ne, kamfanin wuta ya bi ya liƙa musu mitocinsu a saman fol, tsayin mita 6 zuwa 7 daga ƙasa, alhali sauran unguwanni a mita 1.7 ake sakawa inda mutum zai tsaya ya karanta abunsa. Hujjar kamfanin wai ana taɓa mita ana satar wuta a unguwar. Wata mata mai shagon kayan masarufi a wurin, wadda ita ba 'yar Roma bace ma, tace ita bata iya ganin mitarta kuma bil ɗin da ake kawo mata yayi yawa, maganar ta hau har Luxembourg, kotun tace dokar ta shafi har wanda ba ɗan ƙabilar ba matuƙar hukuncin da aka yi wa unguwar ya haɗa da shi, kuma ɗaukar unguwa guda gaba ɗaya a matsayin ɓarayi abu ne mai zubar da mutunci. Ka tsaya kayi tunanin mutum ya fito ƙofar gida kullum ya ɗaga kai ya hango mitarsa can sama, kowa ya wuce ya san abun da ake nufi. Irin wannan shari'ar ce Brussels ta iya, ta hana bambanci a wurin aiki, a makaranta, a kasuwa. Abun da bata taɓawa shi ne haƙƙin al'umma ta riƙe yarenta da makarantunta da wakilcinta.

Wannan ɗin a Strasbourg yake.

Can ne aka yi yarjejeniyar kare tsirarun ƙasa da aka buɗe sa hannu a 1995 ta fara aiki a Fabrairu 1998, ita ce yarjejeniya ta farko mai ɗaure ƙasashe da yawa da aka yi kacokan kan tsiraru, tana magana kan yare a ofisoshin gwamnati, sunayen garuruwa a allunan hanya, koyarwa da harshen uwa, gidajen rediyo da talabijin, da shiga harkar mulki. Ga kuma yarjejeniyar yarukan yankuna da na tsiraru ta 1992. Ga ɗalibi babban alfanun shi ne yawan kayan aiki, duk bayan shekara biyar ƙasa zata kawo rahoto, kwamitin masana mai mutum 18 yaje ƙasar ya zaga ya gana da mutane ya rubuta ra'ayinsa, gwamnati ta maida martani, ƙungiyoyin tsiraru su ma su turo nasu rahoton, kuma an shafe sama da shekara 25 ana wannan zagayen. Kaga kenan zaka iya ɗaukar ƙasa ɗaya da al'umma ɗaya ka bi su zagaye bayan zagaye kaga me aka ce a gyara, me aka gyara, me aka yi ta maimaitawa ba'a gyara ba. Wallahi ga mai kundin masta babu abun da ya kai wannan sauƙi, babi na uku da na huɗu kusan a shirye suke. Rauninta kuma a bayyane yake, yarjejeniyar bata da kotu, shawara ce da matsin lamba, bata fayyace su waye tsiraru ba ta bar wa kowace ƙasa ta faɗi nata, kuma Faransa da Turkiyya basu sa hannu ba sam, Beljiyam da Girka da Luxembourg sun sa hannu amma basu tabbatar ba. Faransa ta sa hannu a ta yaruka a 1999, majalisar tsarin mulkinta tace ta saɓa wa kundin ƙasa, har yau tana nan a haka.

Kotun Strasbourg ita kuma aikinta daban, da yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta 1950 take hukunci, kuma mutum ɗaya talaka zai iya kai ƙarar gwamnatinsa kai tsaye in ya gama da kotunan gida, saɓanin Luxembourg da yawanci sai alƙalin ƙasa ne zai miƙa tambaya. Shari'ar da zaka fi cin karo da ita ita ce ta D.H. da Jamhuriyar Cek. Yara 18 'yan Roma daga garin Ostrava, an tura su makarantun yara masu raunin fahimta, lauyoyinsu suka kawo lissafin da ya nuna ɗan Roma a garin ya ninka sauran yara sau 27 wajen yiwuwar a jefa shi irin wannan makarantar. A 2006 ƙaramin zauren kotun yace babu laifi, a Nuwamba 2007 babban zaure ya juya hukuncin yace wariya ce ko da ba'a yi niyya ba, aka yanka wa kowane yaro diyyar Yuro 4,000. To amma ba girin-girin ba tayi mai. Shekaru suka ja abun bai canza yadda ya kamata ba, sai a 2014 hukumar Brussels ta buɗe wa Cek tuhumar saɓa dokar nan ta 2000, ta buɗe wa Silobakiya a 2015, Hungari a 2016, ta kai Silobakiya gaban kotun Luxembourg a 2023. Ka lura da yadda abun yake tafiya, Strasbourg ce ta faɗi gaskiyar, Brussels ce ke da sandar, dan kotun Luxembourg tana iya cin tarar ƙasa kuma Tarayya ke riƙe da lalitar tallafi, ita kuwa Strasbourg kwamitin ministoci ne kawai ke bibiya yana tunatarwa. Haka ma shari'ar Sejdić da Finci ta Disamba 2009, ɗan Roma da Bayahude a Bosniya da tsarin mulki ya hana su tsayawa takarar shugabancin ƙasa dan ba su cikin manyan ƙabilu uku, sunyi nasara, ba'a gyara tsarin ba, sai Brussels ta saka gyaran cikin abubuwan da take nema daga Bosniya kafin shiga.

In kuma musulmin Turai ne a ranka, wanda na san shi ne a ran da yawa daga cikinmu, to ka shirya zuciyarka dan duka ɓangarorin biyu babu mai faranta rai sosai. Strasbourg a 2014 ta amince da dokar Faransa ta hana rufe fuska, da hujjar zaman tare. Luxembourg a 2017, a shari'ar Achbita, tace kamfani na iya hana ma'aikaciya saka ɗankwali ko hijabi in dokar tasa ta hana duk wata alamar addini ga kowa da kowa. Batun yanka kuma, yankunan Flanders da Wallonia na Beljiyam sun hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, musulmi da Yahudawa suka haɗu suka yi ƙara, Luxembourg ta bai wa dokar gaskiya a Disamba 2020, Strasbourg ma haka a Fabrairu 2024. Ga shi dokar Tarayya kan wariyar addini a wurin aiki kawai ta tsaya, ƙudirin faɗaɗa ta da aka kawo tun 2008 ya maƙale saboda sai duk ƙasashe sun yarda. A nan shawarata kar ka zaɓi ɗaya, ka ɗauki batu ɗaya kamar yankan nan ka jera hukuncin kotunan biyu, ka duba yadda kowacce ta bar wa gwamnatoci fili, kundi ne mai kyau kuma bai fi ƙarfin shekara ɗaya ba.

Mai sha'awar 'yan Afirka mazauna Turai shi kuma Brussels ta fi masa, babu tantama. Yarjejeniyar yaruka ta Strasbourg ta fito fili ta cire yarukan baƙi, ta tsirarun ma ƙasashe da yawa sun taƙaita ta ga al'ummomin da suka daɗe a ƙasar, Jamus misali ta lissafa 'yan asalin Denmak da Sorb da Frisiya da Sinti da Roma, miliyoyin Turkawan da ke cikinta basa ciki balle mu. Amma dokar 2000 ta Tarayya bata tambayar yaushe kakanka yazo, kuma hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar da aka kafa a Vienna a 2007 tayi manyan binciken jin ra'ayi kan baƙar fata a Turai, ta fitar da rahoto a 2018 da 2023, da alƙaluma kan neman aiki da hayar gida da tsayarwar 'yan sanda. Mai son lissafi da jadawali nan ne wurinsa.

Maganar kuɗi da wurin karatu ba sai na ja ta ba. Hukunce-hukuncen Strasbourg suna rumbun HUDOC kyauta, na Tarayya suna EUR-Lex da Curia kyauta, data kawai kake buƙata, daga Zariya ko Kano ko Yamai zaka iya rubuta kundin nan tsaf. 'Yan'uwanmu na Nijar ma suna da wata riba, Strasbourg da Ingilishi da Faransanci take aiki, wasu hukuncin da Faransanci kaɗai ake fitar da su, kotun Luxembourg kuma da Faransanci alƙalanta ke shawara. Wanda Allah ya hore wa fita, akwai mastan haƙƙin ɗan Adam na Venice da ake yin zangon farko a can na biyu a wata jami'ar Turai, akwai cibiyar nazarin tsiraru ta ECMI a Flensburg kan iyakar Jamus da Denmak, da cibiyar bincike ta Eurac a Bolzano cikin Kudancin Tyrol na Italiya inda masu Jamusanci suka fi yawa kuma suke da 'yancin cin gashin kai mai faɗi tun 1972. Waɗannan biyun na ƙarshe a tsakiyar abun da suke nazari suke zaune, allon titi ma a Bolzano da yare biyu zaka gan shi.

Sai tambayar da malamin da ke duba aikinka zai yi maka tabbas, me wannan zai amfana mana a nan? Kana da amsa ta gaske ta kowane ɓangare. Ta ɓangaren Strasbourg, kwamitin Willink da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1957 dan ya binciki fargabar ƙananan ƙabilun Najeriya, a rahotonsa na 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sabbin jihohi ba, sai ya bada shawarar a saka haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki, kuma yawancin abun da aka saka a kundin 1960 daga yarjejeniyar Strasbourg ta 1950 aka ɗebo shi. Wato tsatson babin haƙƙoƙinmu can yake, kuma saboda tsiraru aka kawo shi. Ta ɓangaren Brussels, ECOWAS ce ta fi kama da ita, ƙungiyar tattalin arziki da ta zo ta samu kotu, kuma tun 2005 kotun ECOWAS ke karɓar ƙarar take haƙƙi daga mutum kai tsaye ba sai ya gama da kotunan gida ba, abun da ko Luxembourg bata bayarwa. Kuma kar Bahaushe ya ɗauka wannan karatun na wasu ne, mu masu yawa ne a nan amma a Sudan da Gana da Kamaru tsiraru ne mu, rikicin jihar Blue Nile na 2022 da aka kashe Hausawa da dama kan batun sarauta da ƙasa ya isa ya tuna mana.

Ni in aka ce na zaɓa wa ɗalibin shari'a da ke da wata goma sha biyu kacal, Strasbourg zan ce ya ɗora ginin a kai, dan can ma'aunin yake, ita kanta Brussels in zata auna ƙasar da ke neman shiga da yarjejeniyar 1995 da ra'ayin kwamitin Venice na Majalisar Turai, wato masanan da ke bai wa ƙasashe shawara kan dokoki da tsarin mulki, take aunawa, kamar yadda akayi da dokar Ukraine. Sai ya ware babi ɗaya ya tambayi me Tarayya ta ƙara ko ta kasa ƙarawa a wannan ƙasar da ya zaɓa. Ɗan kimiyyar siyasa ya juya abun, ya fara da Brussels da sharaɗin Copenhagen ko SafePack, ya ɗauko rahotannin Strasbourg su zama shaidarsa. Abun da bana so kayi shi ne ka rubuta taken da ya haɗe Turai gaba ɗaya, 'yan Roma kaɗai an ƙiyasta sun kai miliyan 10 zuwa 12 a nahiyar, ga Kataloniya ga Basque ga masu Rashanci a Baltik, kowanne kundi ne mai zaman kansa. Ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, haƙƙi ɗaya, misali karatun yaran Roma a Silobakiya daga 2004 zuwa yau, ko yaren Hungari a makarantun Romaniya. Kafin ka miƙa wa malaminka taken ka shiga Curia da HUDOC ka duba inda shari'un ƙasar suka kwana, sannan ka sauke ra'ayin kwamitin masana na baya-bayan nan kan ƙasar, in takardun sunyi kaɗan ka canza ƙasa tun da wuri.